Awa Biyar da Minti Goma

Ranar da Gidan Rediyon Duniyoyi Bakwai ya cika shekara ɗari, 'yata ta ji cewa uwarta ta rasu. A ɗakin cin abinci ta ji, ta lasifikar da ke manne a bango, cikin mutum ɗari uku, minti shida bayan uwar ta gama yi mata faɗa a kan rashin sa safa. A lokacin uwar ta yi wata biyar a kabari.

Shekarata talatin da huɗu a gidan. Aikina gyaran rubutu, duk kalmar da za a faɗa a iska sai ta bi ta teburina. Jan Biro suke ce mini, da farko a bayan idona, daga baya a gabana, da suka ga ban damu ba. Ofishina ɗaki ne marar taga a hawa na uku, tsakanin banɗaki da ɗakin na'urori. Kujera biyu ce a ciki. Ɗayar na jibga mata littattafai don kada wani ya zauna.

Duniyoyin ma ba su kai bakwai ba. Biyar ne, sai wasu duwatsu biyu da ake haƙa. Amma bakwai ta fi daɗin faɗa, kuma an riga an buga ta a jikin kofuna. Taken gidan shi ne "Murya Ɗaya, Sama Ɗaya". Na yi karatun da ya isa in san cewa duk wanda ya ce murya ɗaya, tasa yake nufi.

Mafi nisa a cikin duniyoyin ita ce duniyar ƙanƙara. Can 'yata take aiki, tana kula da famfunan da ke narkar da ƙanƙara a tura ruwa cikin tankuna. Tun tana ƙarama muke ce mata Injiniya, saboda ba abin da ba ta kwance ba a gidanmu, har agogon bango. Zangon aiki a can shekara uku ne. Ba waya, ba wasiƙa. Layi ɗaya ne tsakaninmu da su, kuma na gidan rediyo ne. In ka yi magana a nan, sai bayan awa biyar da minti goma za ta isa. Kowane ma'aikaci yana da minti ɗaya a mako ya yi wa mutanen gida magana. Su kuma mutanen gida a rubuce suke kawo amsa, in gyara, a karanta a shirin Saƙon Gida kowace Asabar da ƙarfe tara na safe.

Matata ce mai karantawa. Mamanmu suke kiranta a can, har da masu furfura.

A ma'aunina ba ta iya karatu ba. Tana tari a tsakiyar jumla, tana dariya, tana ƙara nata. In na ba ta "Matarka ta ce rufin ɗaki yana yoyo", sai ta karanta ta ɗora da cewa, "Ni kuma na ce ka bar ta ta kira mai gyara, ba kai kaɗai Allah ya ba hannu ba." Shekara ashirin da biyu ina gyarawa a takarda tana ɓatawa a iska. Wasiƙun yabonta sun cika kwali goma sha. Ni ba wanda ya taɓa rubutowa ya gode mini a kan waƙafi.

Minti biyun ƙarshe na shirin na 'yarta ne. Ba wanda ya ba ta izini, ita ta ɗauka, kuma da masu sauraro suka nuna sun fi son minti biyun nan a kan sauran shirin, sai hukumar gidan ta fara cewa shawararta ce. Injiniya kuwa a nata mintin takan yi wa uwarta daƙiƙa hamsin da biyar, sannan ta ce, "A gaida Baba." Ban ga laifinta ba. Ranar da za ta tafi, a filin jirgi, uwar ta rungume ta tana kuka, ni kuma na nuna mata kurakurai biyu a takardar kwangilarta.

Matata ta faɗi a kicin wata Talata da safe, da cokali a hannunta. Kafin azahar ta cika. Ba ta bar wata magana da za a riƙa tunawa ba. Abin da ta ce na ƙarshe shi ne, "Kashe min wutar nan." Na kashe.

Kwana uku da binne ta na hau wurin Darakta da takarda mai kalma goma sha tara, ta neman a sanar da 'yata.

Darakta ya fara ne da karanta tallan sabulu, kuma har yau in yana magana sai ka ji kamar zai ce a nemi na kwali mai ruwan ɗorawa. Ofishinsa na hawan ƙarshe, tagarsa tana kallon filin eriyoyi, manyan faya-fayan ƙarfe sun ɗaga baki sama. An rataya masa ƙwallaye bakwai a silin, yana taɓa su da biro in yana so a ga yana tunani.

Ya rungume ni, abin da ban nema ba. Ya ce, "Malam, gidan nan gaba ɗaya ya yi maraici. Allah ya jiƙanta." Sannan ya karanta takardata, ya ajiye, ya jawo littafin dokoki.

Na ce, "Ba sai ka buɗe ba, ranka ya daɗe."

Ya buɗe. Ya karanta mini doka ta goma sha ɗaya da muryar sabulu. "Ba a isar da labarin mutuwa ga ma'aikacin nesa sai zangonsa ya ƙare." Ya ɗago. "Kalma goma sha uku. Kullum ina gaya wa sababbin ma'aikata, ku ga yadda ake rubutu."

Ni na rubuta ta. Shekara goma sha bakwai da suka wuce wani mai haƙa ya ji a Saƙon Gida cewa ɗansa ya mutu, ya ajiye kofinsa, ya buɗe ƙofar waje ya fita ba hular iska. Aka ce a yi doka, na yi ta da yamma ɗaya, na kuma ji daɗin yadda ta fito ba kitse. Tun daga nan nake da durowa ta musamman, ta ƙasa a hannun dama, inda matattu suke jiran zango ya ƙare.

Darakta ya ce, "Wata bakwai ya rage mata, Malam."

Na ce, "Uwarta ce."

Ya ce, "Na cikin durowarka ma iyayen wasu ne."

Wannan ita ce magana mai ma'ana ɗaya tak da na ji daga bakinsa a shekara goma sha ɗaya, kuma a kaina ya kashe ta.

Sai ya taɓa ƙwallo ta bakwai da biro. Ya ce akwai wata 'yar matsala. In shirin ya fita da wata murya, mutanen can za su tambaya. In suka tambaya, yarinyar za ta gane. Saboda haka, don kare yarinyar, ya yi magana da Sashen Aku.

Aku na'ura ce da ke kwaikwayon murya. Da ita ake karanta yanayin guguwar rana da farashin ƙarfe, abubuwan da ba mai rai da zai yarda ya karanta kullum. Shugabar sashen mace ce mai fara'a da digiri uku, irin mutanen da ba su taɓa haɗuwa da abin da za a iya yi suka tambayi kansu ko ya kamata ba. Ta zaunar da ni a ɗakinsu mai sanyi, ta sa mini abin ji a kunne.

Ta ce, "Baba, muna da muryar Mama ta shekara ashirin da biyu. Har tarin muna da shi, kala tara."

Ta danna. Matata ta yi gyaran murya a cikin kunnena ta ce, "Jama'ar ƙanƙara, kun tashi lafiya?" Na riƙe gefen tebur.

"Saƙonnin mutane ba matsala," in ji shugabar. "Minti biyun ƙarshen ne. Mun ce Aku ya rubuta da kansa, ji abin da ya yi."

Matata ta ce, "'Yata abar ƙaunata, hasken idanuna, ina alfahari da ke a kowane bugun zuciya."

Dariya ta kuɓuce mini, ta farko tun ranar Talata. Na ce, "Matar da ta haife ta ba ta taɓa ce mata hasken komai ba. Cewa za ta yi, 'Ke Injiniya, na ji muryarki da mura, wato har yanzu da jiƙaƙƙen kai kike fita.' Ba ni takarda."

Ba su roƙe ni ba. Ina so a san wannan. Mummunan rubutu kawai suka nuna mini.

Haka na fara. Kowace Alhamis in saurari mintin Injiniya, in rufe ƙofa, in rubuta amsar uwarta. Na san inda za ta yi tari, na san inda za ta saki magana ta kama wata ba ta ƙarasa ba. Shekara ashirin da biyu ina jan layi a ƙarƙashin waɗannan abubuwa, ashe haddace su nake yi. Na rubuta mata labarin famfon banɗakinmu da ke ɗiga, da karen maƙwabta da ya koyi buɗe ƙofa, da faɗan cin abinci a kan lokaci. Ba ƙarya a ciki. Famfon yana ɗiga.

A mako na huɗu ƙanwar matata ta kawo nata saƙon, na ta'aziyya, layi shida. Na saka shi a durowar ƙasa. Da Asabar ta wuce ba ta ji an karanta ba, sai ga ta a gida, ta same ni a falo ina cin burodi a tsaye. Ta zo ne da niyyar kwashe kayan yayarta, ta tarar ko takalmin da ke bakin ƙofa ban matsar ba.

Ta ce, "Yaya, muryar wa na ji an ce ana sakawa?"

Na ce, "Doka ce."

"Dokar uban wa? Yayata tana kwance, kun tashe ta tana yi muku aiki ba hutu? Kai ko kunyar yarinyar nan ba ka ji?"

"In ta ji yanzu, a can, ita kaɗai..."

"Ita kaɗai! Da can da wa take? Kai ka taɓa ce mata sannu?" Ta ɗauki jakarta. "Wallahi Yaya, ni tun ranar da aka kawo ka gidanmu na ce wannan ba mutum ba ne, biro ne aka sa wa riga. Yayata ta ce in bari, wai a ciki kake da laushi. To ta tafi ba ta ga cikin ba."

Ba ta kwashe kayan ba. Ta bar mini ƙofa a buɗe.

A wannan makon ne na ƙara layi ɗaya a ƙarshen minti biyun. Matata ta ce, "Af, Babanki ya ce in tambaye ki, famfon nan na huɗu da kika ce yana shaƙewa, ya daina?"

Alhamis ta zo. Injiniya ta ce, "Mama, Baba ne ya tambaya? Baba namu na gida? Don Allah ki taɓa goshinsa ki ji." Ta yi dariya irin ta uwarta, ta hanci. Sannan ta yi daƙiƙa ashirin tana bayanin famfo na huɗu, dalla-dalla, yadda ake yi wa wanda ake so ya fahimta.

Na saurari mintin nan sau goma sha ɗaya.

Daga nan Baban ya yi ta samun baki. Baba ya ce littafin da kika bari a kan gado ya karanta, ya ce marubucin wawa ne amma babi na shida ba laifi. Baba ya ajiye hotonki a ofis, wai don ya danne takardu. Baba ba ya barci sosai ranar Laraba, don ya san gobe muryarki za ta zo, amma kada ki ce na gaya miki. Ita kuma ta fara raba mintinta biyu. "Baba, in kana ji, babi na shida ne ya fi kowanne rauni, ka sake karantawa." Shekara talatin da ɗaya ina da 'ya, ban taɓa hira da ita ba sai da na ari bakin matacciya. Na daina ƙirga watannin da suka rage. In gaskiya ake so, na fara jin tsoron ƙarewarsu.

Ana cikin haka bikin shekara ɗari ya matso. Aka kafa kwamiti, kwamiti ya haifi ƙananan kwamitoci tara, aka ɗora shugaban sashen wasanni a kai, wani mai ƙaton ciki da ke son a ce masa Ciyaman ko a banɗaki aka haɗu. Wata Litinin ya shigo ofishina da rubutun shirin bikin, shafi arba'in. Ya nemi wurin zama, ya ga littattafai, ya tsaya.

Na fara karantawa. Shafi na ɗaya ya kira gidan rediyon uwa. Shafi na biyu ya kira shi gada. A shafi na uku uwar da gadar sun haɗu sun zama fitila mai shayar da duniyoyi. Na rufe.

Na ce, "Ciyaman, wa ya rubuta wannan?"

Ya ce, "Ni da kaina. Kwana tara."

"Da ka huta. Kai wa Aku, shi ba ya jin kunya."

Ya tattara takardunsa, wuyansa ya kumbura. Ya ce, "Shekara talatin kana wulaƙanta mutane a ɗakin nan, Jan Biro. To wannan ba za ka sake ganinsa ba." Ya hau sama, Darakta ya sa hannu cewa rubutun biki ba sai ya bi ta teburina ba. Na ji daɗi. Na ɗauka na tsira daga shafi talatin da bakwai.

Darakta ya ƙara da tasa hikimar. A ƙa'ida, akwai akawu a kowace duniya da ke riƙe shiri ya saurara kafin ya sake shi ga lasifika, ko da wani abu ya kuɓuce mana. Darakta ya ce ranar biki ba riƙewa, kai tsaye za a saki komai, a tara ma'aikata a ɗakunan cin abinci su ji yadda gidansu yake ƙaunarsu.

Ranar ta faɗo Asabar. Aka tara mu a babban zauren ƙasa, kowa da riga mai lamba ɗari a ƙirji, ban da ni. Ga balan-balan, ga wani kek mai hawa bakwai. Ƙarfe tara Saƙon Gida ya tafi. Na tsaya a bayan zaure ina jin matata tana cewa, "Ke Injiniya, an ce sanyin bana ya fi na bara, in na ji kin fita ba safa biyu ni da ke ne." Tara da rabi shirin ya ƙare, aka kunna wa Ciyaman makirufo. Uwa, gada, fitila. Sai aka sa wani kiɗa mai sanyi, ya sauke murya, ya ce yanzu za a tuna da ma'aikatan da suka riga mu gidan gaskiya a wannan shekara. Direba ɗaya. Mai shara ɗaya. Sannan ya faɗi sunan matata cikakke, ya ce wadda duniyoyi suka sani da Mamanmu, ya faɗi ranar da watan da ta rasu. Har ya share ido.

Shafi na huɗu ke nan, daga baya na gani.

Mutanen zauren suka juyo suna kallona da tausayi, wasu suna gyaɗa kai. Mutum ɗari biyu masu aikin isar da magana, ba wanda ya tuna inda maganar take zuwa. Sai da kofi ya faɗi daga hannun shugabar Aku.

Ban san ina iya gudu ba sai ranar. Ɗakin na'urori yana hannun wani tsoho da muka fara aiki shekara ɗaya, mutum marar magana, shi ya sa nake ganin girmansa.

Na ce, "Tsayar da shi!"

Ya ce, "Ya tafi, Malam."

"To aika wa akawun can ya kashe lasifika."

Ya dubi agogo. "In na aika yanzu, zai isa minti huɗu bayan wancan. Gudunsu ɗaya. Ba mai wuce wani a hanyar nan."

Darakta ya shigo yana haki, Ciyaman a bayansa. Ya ce a aika da saƙon gaggawa. Tsohon ya ce duk saƙo gudunsa ɗaya. Darakta ya ce to a ƙara wa eriya wuta, a buga masa hatimin ofishinsa, shi ne Darakta.

Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, haske bai san ka ba."

Ƙarfe tara da minti talatin da shida maganar ta tashi. Uku saura minti goma sha huɗu za ta sauka. Tana can tana tafiya a cikin duhu, 'yata kuwa a lokacin wataƙila tana ɗaure wani ƙarfe tana tunanin me za ta gaya wa uwarta ranar Alhamis.

Darakta ya ce tunda abin ya riga ya fita, doka ta goma sha ɗaya ba ta da sauran aiki, in yi wa yarinyar magana da kaina. Tsohon ya jawo mini kujera gaban makirufo, ya ɗora yatsa a kan makunni, ya ce, "In ka shirya."

Shekara talatin da huɗu a gidan rediyo, ban taɓa zama gaban abin nan ba. Na dube shi. Na ce a ba ni takarda.

Na san lissafin. Duk mintin da na ɓata a nan, minti ne da za ta zauna a can ba kowa. Na sani, kuma na zauna ina gyara. Na rubuta "Ina baƙin cikin sanar da ke", na soke, ya yi kama da ofis. Na rubuta "'Yata", na soke, ban taɓa ce mata haka ba. Tsohon ya ce, "Malam, faɗi kawai, ko ba daɗi." Na ce ya bar ni. Awa ɗaya da rabi na yi.

Su kuwa a sama ba su ɓata lokaci ba. Kwamiti ya zauna ya yanke cewa dole a ba mutanen nesa haƙuri nan take, kuma da muryar da suka fi yarda da ita. Ina kan soke layi na huɗu na ji ta lasifikar ɗakin, matata ta yi tari, kala na uku, ta ce, "Jama'ar ƙanƙara, Mamanku ce. Hukumar gidan nan tana baƙin cikin tabbatar muku da cewa na rasu."

Tsohon ya cire abin jinsa ya ajiye a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. A ƙasa aka yanka kek, tunda an riga an saya.

Na karanta tawa takardar sha ɗaya da kwata. Ba kuskure ko ɗaya a ciki. Sannan na koma ofishina na zauna gaban agogo. Da ƙarfe uku saura minti goma sha huɗu ba abin da ya faru a ɗakin. Wani ya ja ruwa a banɗaki.

Washegari rahoton akawun can ya iso. Ya ce da aka karanta sunan, ɗakin ya yi tsit. Da matacciyar ta dawo ta ba da haƙuri, sai wani ya hau tebur da spana. Kafin rabin awa ba lasifika ɗaya da ta rage a bango a duk tashar. Saƙona ya isa lafiya, in ji akawun, da ƙarfinsa, ba ƙara ko kaɗan, sai dai ba abin da zai fito ta ciki. Ya ce Injiniya ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ba ta kuma nufi ƙofar waje ba. Ta ƙarasa abincinta, ta wanke kwanonta, ta koma bakin aiki.

Ranar Alhamis mintinta ya zo. Daƙiƙa ashirin da shida ta yi amfani da su.

Ta ce, "Saƙo ga mai kula da Saƙon Gida. A cire sunana daga masu karɓa, daga kowa, har na gida. Na sa hannu a sabon zango. Mama na gane, na'ura ce. Abin da na fi jin kunya shi ne Baban da kuka haɗa mini. Wanda ya tsara shi ya iya aiki, har na yarda. Ku gaya masa ya yi ƙoƙari, amma bai san mahaifina ba."

Sauran daƙiƙa talatin da huɗun ba ta kashe na'urar ba. Ana jin ƙarar injin a bayanta, da numfashinta. Sannan ta kashe.

Cire suna haƙƙin ma'aikaci ne, ba mai iya mayarwa sai shi. Na roƙi akawun can ya kai mata takarda da hannu, ya ce ta ce ko ya kawo ba za ta buɗe ba, kuma shi ma yanzu ba ya cin abinci tare da mutane. Ƙanwar matata ba ta ɗaukar wayata.

Gidan ya kafa kwamitin bincike, Ciyaman ne mataimakin shugaba. Suka gano cewa rubutun biki bai bi ta teburin gyara ba, saboda haka laifin teburin gyara ne. Aka yi mini ritaya da allon yabo na katako, an rubuta sunana da kuskure. Darakta ya sami lambar girma a kan yadda ya fuskanci lamarin. An maye gurbin lasifikun, an ba Aku sabuwar murya, ta wata da ke da rai tukuna, ta kuma sa hannu cewa ko bayan ranta a ci gaba. An ce mutanen can sun fara sabawa. Mutane suna sabawa da komai, shi ya sa irin su Darakta ba sa rasa aiki.

Shekara biyu ke nan. Ina da rediyo a kicin, ba na kunnawa. Na yi ta rubuta abin da zan gaya mata in an wayi gari ta mayar da sunanta, na yi ta ragewa, don minti biyu ba yawa, kuma na san halina in aka ba ni takarda. Yanzu ya dawo abin da ba ya buƙatar takarda.

Ba wanda ya haɗa miki shi, Injiniya. Ni ne. Duk ni ne.